Allo ya ce filin na jama'a ne, mai gadi ya ce mu tashi: wa ke da gaskiya?

Tambaya: Malam, mu takwas ne 'yan unguwa ɗaya. Mun kafa ɗan tebur a wani fili mai bishiyoyi da bencina a gaban wani dogon ginin ofisoshi, muna karɓar sa hannun masu wucewa a kan koken da za mu kai wa hukuma. A bakin filin har da allo mai cewa a buɗe yake ga jama'a. Ko rabin awa ba mu yi ba masu gadi suka zo, suka ce filin na kamfani ne, mu kwashe kayanmu. Suna da hurumin korar mu? In filin na jama'a ne, ina 'yancinmu na taro ya tafi?

Amsa: Ɗan'uwa, sannunku da ƙoƙari. Abin da zan fara gaya maka ba zai yi maka daɗi ba: a ƙasashe da yawa, in aka je gaban alƙali, mai gadin nan ne zai fito yana murmushi. Sai dai ba a ko'ina haka take ba, kuma ba kowane fili ne ke da hukunci ɗaya ba. Tunda ba ka faɗi ƙasar da abin ya faru ba, zan bi da kai ta wuraren da aka fi gwabza wannan shari'a, kai kuma ka duba inda naku filin ya faɗa. Na daɗe ina koyar da dokar filaye da tsarin birane, kuma da wuya shekara ta fita wani ɗalibi bai kawo mini irin wannan ƙorafi ba. Wani an hana shi ɗaukar hoto, wani an hana shi raba takarda, wani kuwa laifinsa kawai ya kishingiɗa a benci.

Mu fara da allon. Cewa wuri "a buɗe yake ga jama'a" na iya nufin abu biyu da suka yi hannun riga. Ɗaya izini ne: mai wuri ya ce ku shigo, kamar yadda mai shago ke buɗe ƙofarsa da safe. Wanda ya ba da izini yana iya janye abinsa, kuma a dokar Ingila da ta ƙasashen da suka gaji tsarinta ba lallai ne ya faɗi dalili ba. Da zarar ya ce ka fita ka ƙi, ka zama mai kutse. Ɗayan kuma haƙƙi ne: akwai doka ko wata takarda da ta ce jama'a za su shiga, mai wuri ya so ko ya ƙi. Ido ba ya bambance su. Daɓen iri ɗaya ne, bishiyoyin iri ɗaya, tattabarun ma su ne dai. Amma mai tsaye a kan izini kayan aro ya sa, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Masu filaye sun fi mu sanin wannan bambanci, sun kuma fi mu tsare shi. Wanda ya taɓa yawo a ƙasa a San Francisco ko Los Angeles, in ya sunkuyar da kai zai ga ƙananan farantan tagulla a kafe cikin daɓen gefen titi, takalman mutane sun goge su har suna sheƙi. Rubutun da ke jiki cewa yake yi wucewa ta nan da izinin mai wuri ne kuma ƙarƙashin ikonsa, sai a buga sashe na 1008 na kundin dokokin jihar Kalifoniya. Aikin farantin guda ne, ya hana daɗewar amfani ta rikiɗe ta koma haƙƙi. A Ingila, dokar hanyoyi ta 1980 ta ce in jama'a suka shekara 20 suna bin wata hanya ba tare da an tare su ba, kuma ba bisa izini suke bi ba, to ana ɗaukar ta zama hanyar kowa, sai fa in mai ƙasar ya nuna bai taɓa nufin haka ba. Shi ya sa za ka ga wani mai fili ya rufe ƙofa rana ɗaya tak a shekara, masu wucewa na ta mamaki. Dalilin yana cikin fayil a ofishin lauyansa.

To, me zai sa kamfani ya bar fili mai tsada a tsakiyar birni ya dasa bishiya ya jera bencina? Da wuya ka ga sadaka ce. Galibi ciniki ne, kuma an san inda aka fara shi. A 1958 aka gama ginin Seagram a birnin New York, wanda ya ja da baya daga bakin titi ya bar fili a gabansa. Abin ya burge masu tsara birnin, sai a dokar gine-gine ta 1961 suka mayar da shi tayi: a unguwannin da suka fi cunkoso, duk murabba'in ƙafa ɗaya da ka bar wa jama'a, za a bar ka ka ƙara har goma a benayen sama, iyakar ƙarin kashi 20 cikin ɗari na ginin. Wato birni ya sayar da sararin samaniyarsa da hasken ranar maƙwabta, ya yarda da ƙarin turmutsitsi a titi da tashar jirgin ƙasa, aka biya shi da fili. San Francisco ta shigar da irin wannan sharaɗi cikin tsarinta na 1985, Tokyo da Hong Kong da Toronto duk suna da nasu, a Landan kuma akan ƙulla shi cikin yarjejeniyar izinin gini ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara garuruwa ta 1990.

Filayen farko da cinikin ya haifar a New York yawancinsu fayau suke, ba inuwa ba wurin zama, wasu ma an kafa ƙarafuna masu tsini a kan duk wata dakali da mutum zai iya ɗosana jiki. Wani mai nazarin birane, William Whyte, ya ɗora kyamarori a saman gine-gine yana kallon yadda mutane ke amfani da filayen, ya dawo da sakamakon da ya ba kowa dariya don sauƙinsa: mutane sun fi zama a inda akwai wurin zama. Aikinsa ya sa aka gyara dokar a 1975, har aka ƙayyade ƙafa ɗaya ta wurin zama ga kowace murabba'in ƙafa 30 ta fili, da adadin bishiyoyi, da fitilu, da allon sanarwa. A 2000, Jerold Kayden na jami'ar Harvard tare da hukumar tsara birnin suka bi filayen ɗaya bayan ɗaya. Suka ƙidaya 503 a gine-gine 320, waɗanda masu su suka samu ƙarin murabba'in ƙafa kusan miliyan 16 a sama. Kashi 41 cikin ɗari na filayen ba su da wani amfanin a zo a gani, kusan rabin gine-ginen kuma suna saɓa sharuɗɗan da aka gindaya musu. A 2017 ofishin mai binciken kuɗin birnin ya sake dubawa, ya tarar wurare 182 cikin 333 ba su cika alkawari ba. Benayen da aka ba su kuwa suna nan daram, haya na shiga duk wata. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma a nan an ci ladan, askar kuma ta ɓata.

Na taɓa kai ɗalibai wani fili irin wannan da kwafin taswirar izinin gininsa a hannu da tef ɗin awo. Inda taswira ta nuna dogon benci, muka tarar da tukwanen fulawa manya-manya. Kusurwar da ta fi inuwa, wani gidan shan shayi ya jera tebura ya zagaye su da igiya, wanda bai sayi komai ba ko kallon wurin ba ya yi. Allon sanarwar yana nan, amma a bayan wani ginshiƙi, sai ka durƙusa za ka karanta. Muna cikin awo mai gadi ya iso, cikin ladabi, ya tambayi wa ya ba mu izini. Wata ɗaliba ta miƙa masa taswirar. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce shi dai abin da aka gaya masa shi ne kada a bar taro. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Umarni aka ba shi da baki, takardar kuma ba a taɓa nuna masa ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Waɗanda suka rubuta waɗannan yarjejeniyoyi sun ƙidaya bencina, sun ƙidaya bishiyoyi, sun faɗi tsawon matakala da girman allo, amma ba su ce uffan ba a kan ko mutum takwas za su iya kafa tebur su nemi sa hannu. Sun yi tunanin ma'aikacin ofis da zai fito ya ci abincin rana a inuwa. Ɗan ƙasa mai koke bai zo musu a rai ba.

Wannan shirun ne ya fito fili a 2011. Ranar 17 ga Satumba, masu zanga-zangar adawa da manyan bankuna da aka sani da Occupy Wall Street suka nufi filin da ke gaban ginin bankin Chase a New York, suka tarar an kewaye shi da shinge. Sai suka koma wani ɗan fili mai suna Zuccotti, wanda ko eka ɗaya bai cika ba. Da filin gwamnatin birni ne, da wuya su kwana ko ɗaya, domin wuraren shaƙatawar birnin suna da lokacin rufewa da dare. Shi kuwa Zuccotti, kamfanin ƙarfe na U.S. Steel ne ya samar da shi a yarjejeniyar 1968 don a bar shi ya ƙara wa gininsa tsawo, bisa sharaɗin filin zai zauna a buɗe awa 24. Kamfanin Brookfield da ke riƙe da shi a 2011 ya gaji sharaɗin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: gwamnati ta ce ba filinta ba ne, kamfani ba shi da ikon rufewa, aka yi kusan wata biyu ana kallon-kallo. Da yake amfani da lasifika sai da izinin 'yan sanda, mai jawabi kan faɗi jimla ɗaya, na kusa da shi su maimaita da ƙarfi, na bayansu su sake ɗauka, har maganar ta isa ƙarshen fili.

Kamfanin ya liƙa sababbin ƙa'idoji: ba tanti, ba jakar barci, ba kwanciya a ƙasa ko a benci. Cikin daren 15 ga Nuwamba 'yan sanda suka kwashe kowa. A ranar alƙali Michael Stallman ya yanke cewa za su iya komawa, amma ban da tanti da janareta. Ka lura da dabarar da ya yi. Bai yanke cewa tsarin mulki ya hau kan filin ba. Cewa ya yi ko da an ɗauka ya hau, ƙa'idojin kamfanin ba su wuce gona da iri ba. Ainihin tambayar da ka yi mini ke nan, ya zagaye ta ya wuce abinsa.

Abin da ke sa alƙalai zagaye ta shi ne, a asalin tsari, 'yancin magana da na taro garkuwa ce tsakaninka da gwamnati. Kundin tsarin mulkin Amurka cewa ya yi majalisa ba za ta yi dokar da za ta tauye su ba. Bai ambaci maƙwabcinka ba, balle kamfani. A kan titi da dandalin gwamnati maganar ta daɗe da warwarewa: a 1939, a shari'ar Hague (sunan wani magajin gari ne da aka kai ƙara), alƙali Owen Roberts na Kotun Ƙolin Amurka ya rubuta cewa ko a hannun wa takardar mallakarsu take, tituna da wuraren shaƙatawa amana ce da aka riƙe wa jama'a tun fil'azal don taro da muhawara. Rigimar tana farawa ne in titin kansa ya koma hannun kamfani.

Hakan ta faru a garin Chickasaw na jihar Alabama, wanda kamfanin ƙera jiragen ruwa na Gulf ya mallaka kakaf, da tituna da shaguna, har ɗan sandan garin kamfanin ke biyansa. Wata mata mai suna Grace Marsh, mabiyar Shaidun Jehobah, ta tsaya kusa da gidan waya tana raba takardun addini, aka kama ta da laifin kutse. A 1946 Kotun Ƙoli ta wanke ta. Alƙali Hugo Black ya kafa ƙa'idar da har gobe lauyoyi ke jingina da ita: gwargwadon yadda mai dukiya ya buɗe ta ga jama'a don amfanin kansa, gwargwadon yadda haƙƙin masu shigowa ke taƙaita ikonsa. A 1968 kotun ta miƙa wannan ƙa'ida zuwa rukunin shaguna na Logan Valley, inda 'yan ƙungiyar ƙwadago ke zanga-zanga. Daga nan sai ta fara ja da baya. A 1972 ta ce masu raba takardun adawa da yaƙin Biyetnam a rukunin shagunan Lloyd da ke Portland ba su da haƙƙin tsayawa ciki, a 1976 kuma, a shari'ar Hudgens, ta binne hukuncin 1968 gaba ɗaya.

Ƙofa ɗaya ta rage, kuma labarinta ya yi kama da naku. Wasu ɗaliban sakandare a Kalifoniya suka kafa ɗan tebur a kusurwar tsakar rukunin shagunan Pruneyard suna neman sa hannu a kan wani ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mai gadi ya kore su. Kotun jihar ta ce kundin tsarin mulkin Kalifoniya ya fi na tarayya faɗi, ya ba su haƙƙin tsayawa, a 1980 kuma Kotun Ƙoli ta ce jiha na da ikon yin haka, ba ƙwace ba ne aka yi wa mai wurin. New Jersey ta bi sahu a 1994. Mafi yawan jihohi sun ƙi. New York ta ƙi a 1985, Minnesota ta ƙi a 1999 a kan katafaren rukunin shaguna na Mall of America duk da kuɗin gwamnati da suka shiga aikinsa. Ka ga a ƙasa ɗaya, tebur ɗaya, hukunci ya danganta da jihar da ka kafa shi.

A Birtaniya hannun mai fili ya fi ƙarfi. A 1995 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar wa masu rukunin shagunan da ya mamaye tsakiyar garin Wellingborough ikon hana wasu samari shiga, ba tare da wa'adi ba, ba kuma sai an tabbatar da dalili ba. Shari'ar da ta fi zama abin nazari ita ce ta Appleby. A wani gari mai suna Washington a arewa maso gabashin Ingila, hukumar gwamnati ce ta gina sabuwar cibiyar garin, sannan a 1987 ta sayar da ita ga kamfani. A 1998 wasu mazauna suka so tara sa hannu don hana gini a filin wasan unguwarsu. Manajan ya hana su, ya ce wurin ba ya ɗaukar ɓangare a siyasa ko addini, alhali a nan laburaren garin da wasu ofisoshin gwamnati suke, kuma ana barin ƙungiyoyin agaji su karɓi taimako. Suka kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai, a 2003 suka sha kaye. Kotun ta ce 'yancin magana bai ba ka zaɓin dandalin da ka ga dama ba, kuma suna da wasu hanyoyin: bi gida-gida, jarida, tsohuwar cibiyar gari. Amma ta bar taga a buɗe. Ta ce in hanin ya kai ga toshe duk wata hanya mai tasiri ta isar da saƙo, kamar a garin da kamfani ya mallaka duka, to wajibi na iya hawa kan gwamnati ta sa baki. Ni dai hukuncin bai gamsar da ni ba. Gwamnati ce da hannunta ta tattara rayuwar garin wuri ɗaya sannan ta sayar, sai a ce wa mutane su je su yi magana inda ba kowa.

A Oktoban 2011 masu zanga-zanga a Landan suka nufi dandalin Paternoster da ke gaban kasuwar hannun jari. A lokacin dandalin na kamfanin Mitsubishi Estate ne, ya samo umarnin kotu aka toshe hanyoyin shiga, dole suka yada zango a gefen majami'ar St Paul, inda suka zauna har ƙarshen Fabrairun 2012. A 2017 jaridar Guardian ta zana taswirar wurare kusan 50 irin wannan a Landan, ta nemi masu su su nuna ƙa'idojin da suke aiki da su, mafi yawansu suka ƙi. Wannan ya fi komai damuna: doka ce ke hawa kanka, amma ba ka da damar karanta ta sai ka karya ta. A 2019 kuma aka gano an yi amfani da kyamarorin tantance fuska a unguwar King's Cross ba tare da masu wucewa sun sani ba. Irin wannan matsin ne ya sa ofishin magajin garin Landan ya fitar da wani kundin ƙa'idoji a 2021 da ke neman sababbin filaye su bayyana dokokinsu, su kuma taƙaita su ga abin da ya zama dole.

Jamus ce ta bi wata hanya daban, kuma a ganina ita ta fi kama bakin zaren. Wata mai fafutuka ta raba takardun adawa da korar baƙin haure a filin jirgin saman Frankfurt, kamfanin Fraport mai kula da filin jirgin ya haramta mata shiga. A Fabrairun 2011 Kotun Tsarin Mulki ta ce tunda gwamnati ce ke da rinjayen hannun jari, ba za ta ɓuya a bayan rigar kamfani ta tsere wa tsarin mulki ba. Ta ƙara da cewa duk inda aka buɗe wa kowa ya zo ya yi sayayya ya zaga ya zauna, ya ɗauki matsayin dandali, kuma son a bar masu sayayya cikin nishaɗi ba tare da an tuna musu wahalar duniya ba bai isa dalilin hana magana ba. A Yulin 2015 kotun ta ƙara taku ɗaya a garin Passau, a wani dandali da ke hannun kamfani zalla. Wani ya shirya taron minti 15, kowa ya zo da gwangwanin giya ya sha a lokaci guda, don nuna adawa da yadda masu gadin kamfani ke maye gurbin hukuma. Salon taron ba abin koyi ba ne, amma kotu ta ce a bar su. A Afirka ta Kudu ma wata kotu a Cape Town ta ƙi amincewa a haramta wa wasu mabarata shiga unguwar shaƙatawa ta Waterfront har abada. Ta hana su takura wa mutane, ta bar musu shiga. A 2020 kwamitin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, a sharhinsa na 37, ya ce 'yancin taro na iya shafar wuraren da ba na gwamnati ba, a duba ko wurin a buɗe yake ga kowa a kullum, da girman cutarwar ga mai shi, da ko masu taron na da wani wurin da waɗanda ake yi dominsu za su gani su ji. Sharhi ne, ba hukuncin da ɗan sanda zai zartar ba, amma lauyanka zai so ya riƙe shi.

Kada a ce na danne haƙƙin mai fili. Shi ke share wurin, shi ke biyan wuta da inshora, in wani ya faɗi ya karye shi za a kai ƙara. 'Yan hayarsa sun biya kuɗi don su yi kasuwanci. Ba wata kotu da na ambata da ta ce a bar mutane su toshe ƙofa, ko su kafa tanti wata da watanni, ko su kunna lasifika a kunnen masu aiki. Ko a dandalin gwamnati ana ƙayyade lokaci da wuri da yanayin taro. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya karɓi benaye da sunan ya ba jama'a dandali, sannan ya ce dandalin na masu sayayya ne da masu cin abincin rana kaɗai.

Yanzu ga naku. Kafin ku koma, ku nemo takardar. Ba a fafe gora ranar tafiya. A hukumar tsara birni ko ofishin rajistar filaye za ka nemi izinin ginin da duk yarjejeniyar da aka ƙulla da shi, kuma a ƙasashe da yawa kowa na da damar gani. Abin da kake nema: an ba kamfanin wani abu a madadin filin? An rubuta awannin buɗewa? An ba shi ikon kafa ƙa'idoji, kuma sai da amincewar wa? Akwai haƙƙin wucewa da aka yi wa rajista? Ka kuma binciki wa ke da kamfanin, domin in gwamnati na da babban kaso, ko ita ce mai ƙasar ta ba da haya, hujjarku ta ƙara nauyi. In allon nan hukuma ce ta wajabta shi, to korar ku na iya zama saɓa sharaɗin gini, kuma ƙorafi ga hukumar ya fi zuwa kotu sauri da araha. In kun lura ana barin wasu su kafa tebur ana hana ku, ku rubuta rana da lokaci. In kuwa korar ta shafi launin fata ko addini, wannan wata doka ce daban mai haƙora, irin dokar 'yancin jama'a ta Amurka ta 1964 ko dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010.

Sai dai ka san takarda ma ana iya sauya ta. A 1999 birnin Salt Lake na Amurka ya sayar wa cocin Mormon wani yanki na babban titinsa a kan dala miliyan 8 da 'yan kai, ya riƙe wa jama'a haƙƙin wucewa, cocin kuma ya hana zanga-zanga a wurin. A 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce muddin haƙƙin wucewa na hannun birni, wurin dandali ne, ba a hana magana. Shekara na zagayowa birnin ya sallama haƙƙin wucewar, ya karɓi fili da kuɗin gina cibiyar al'umma a wata unguwa. Masu ƙara sun ci shari'a, titin ya tafi. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina cewa wannan faɗan a zauren da ake ba da izinin gini ake cin sa, ranar da kamfani ke neman sa hannun hukuma kuma yake shirye ya yarda da kusan komai. Jimla ɗaya da za ta ce filin zai bi ƙa'idojin dandalin gwamnati ta fi shekara goma ta shari'a.

In masu gadi suka sake zuwa, kada ku yi jayayya da su, kada wani ya taɓa wani. Ku tambayi wace ƙa'ida kuka karya, ku nemi a nuna muku ita a rubuce, ku nemi ganin manaja. In suka dage, ku fita. A Ingila kutse zalla yawanci ba laifin da ake ɗaure mutum ba ne, amma a jihohin Amurka da wasu ƙasashe da dama ƙin fita bayan an ce ka fita ya isa a kama ka, kuma ba a gaban mai gadi ake cin wannan muhawara ba. Fitar ma ba nisa za ku yi ba. Ku duba ƙasa: sau da yawa akwai siririn layin ƙarfe, ko jerin ƙusoshin tagulla, ko wurin da launin daɓe ya sauya. Nan ne iyakar kamfani. Taku biyu bayan layin kuna kan gefen titin gwamnati, mutanen da ke shiga filin ta gabanku za su bi, sai dai ku tambaya ko tebur na buƙatar izinin hukuma a can, in haka ne ku riƙe takardun a kan allon hannu. In kuma kun samo yarjejeniyar kuka ga ta ba ku gaskiya, ku kwafi shafin, ku aika wa manajan da wasiƙa kwana biyu kafin ku zo, ku riƙe wani kwafin a aljihu don mai gadi, domin da wuya in an taɓa nuna masa.